Marigayi Diori Hamani: Shugaban da Ya Riƙe Maƙwabci, Ɗan'uwa Ya Kuɓuce Masa

 

A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin marigayi Diori Hamani, shugaban farko na Jamhuriyar Nijar, wanda ya riƙe ƙasar nan tun daga samun ƴancin kai a 1960 har zuwa 1974. Mu mutanen Maine-Sorowa da Difa da sauran garuruwan bakin Komadugu muna nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,200, amma shawarwarin da wannan bawan Allah ya yanke a fadarsa sun iso har ƙofar gidajenmu. A rayuwarsa akwai abubuwa biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Ya san haƙƙin maƙwabtaka tsakanin ƙasa da ƙasa, ya kuma kiyaye shi a ranar da kiyaye shi yake da tsada. A cikin gida kuwa ya rufe ƙofar shawara, har ya wayi gari babu mai gaya masa gaskiya.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Diori Hamani ranar 6 ga watan Yuni 1916 a Sudure, wani ƙauye na Zabarmawa a gefen Yamai. Mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a ƙarƙashin mulkin Faransa, wannan ya sa aka sa yaron makarantar boko a zamanin da iyaye da yawa suke ɓoye ƴaƴansu daga gare ta. Ya yi nisa har ya kai babbar makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda take horar da malamai da akawuna na dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Da ya dawo a 1936 sai ya kama aikin koyarwa a Yamai da Maraɗi, daga baya aka kai shi birnin Paris yana koyar da Hausa da Zabarmanci ga Turawan da ake shiryawa don su zo mulkin ƙasashenmu. A can ya san Faransawa ciki da waje, ya koyi yadda ake magana da su. Wannan sani ya amfane shi tsawon rayuwarsa, ya kuma ɗaure shi da su fiye da yadda wasu ƴan ƙasa suke so.

Yadda jam'iyyu suka tsiro

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta sassauta wa ƙasashen da take mulka. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma yarda ƴan ƙasa su kafa ƙungiyoyin siyasa, su aika da wakilai majalisar dokoki ta Paris. A watan Mayu na wannan shekara wasu malaman makaranta da akawuna suka kafa jam'iyya ta farko a Nijar, wato PPN, kuma Diori yana cikinsu. Ba a daɗe ba ta haɗe da babbar ƙungiyar RDA wadda aka kafa a Bamako a watan Oktoba 1946 ƙarƙashin jagorancin Houphouët-Boigny na Kodibuwa. A watan Nuwamba aka zaɓi Diori ya zama wakilin Nijar a majalisar Faransa, yana da shekara 30.

A lokacin RDA tana ƙawance da ƴan kwaminisancin Faransa, saboda haka gwamnan mulkin mallaka ya ɗauke ta abokiyar gaba. A 1948 aka kafa wata jam'iyya a Maraɗi mai suna UNIS, wadda gwamnati da sarakuna da yawa suka mara wa baya. A zaɓen 1951 UNIS ta kwashe kujerun Nijar biyu, Georges Condat da Zodi Ikhia suka tafi Paris, Diori kuwa ya koma riƙe makaranta a Yamai har zuwa 1956, sa'ad da ya sake cin zaɓe.

Cikin waɗannan shekaru ne ɓaraka ta faru a cikin PPN kanta. A 1950 Houphouët-Boigny ya raba gari da ƴan kwaminisanci, ya zaɓi tafiya tare da gwamnatin Faransa. Diori da Boubou Hama suka bi shi. Babban sakataren jam'iyyar, Djibo Bakary, ya ƙi. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kusancin mutanen biyu: Djibo ɗan'uwan Diori ne na jini, a Sudure aka haife shi a 1922, shi ma William Ponty ya yi, shi ma malamin makaranta ne. Djibo ya fita ya rungumi ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, wadda talakawa suka fi sani da suna Sawaba. Direbobi da leburori da ƙananan ƴan kasuwa da manoman gyaɗa na ƙasar Hausa suka bi ta. Alamar RDA giwa ce, ta Sawaba raƙumi, kuma tun daga nan garuruwa da gidaje suka rabu tsakanin ƴan giwa da ƴan raƙumi.

Zaɓen i ko a'a

Da farko raƙumi ne a gaba. Djibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, jam'iyyarsa da ƙawayenta suka ci zaɓen watan Maris 1957, ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Sai Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa a 1958, ya ajiye wa ƙasashen Afirka zaɓi biyu: wanda ya ce i zai zauna cikin tarayya da Faransa, wanda ya ce a'a zai sami ƴanci nan take, Faransa kuma ta janye hannunta. Djibo ya ce a'a, kamar yadda Sékou Touré na Gine ya ce. Diori ya ce i, yana ganin ƙasar da ba ta da teku, ba ta da likitoci da injiniyoyi nata, ba za ta iya tsayuwa ita kaɗai a rana ɗaya ba.

Faransa ba ta zauna kallo ba. Ta aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya juya sarakuna da ma'aikatan gwamnati suka bar Sawaba. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka kaɗa ƙuri'a, masu i suka sami kimanin kashi 78 cikin 100, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Djibo ya sauka. Aka sake zaɓen majalisa a watan Disamba, Diori da ƙawayensa suka yi rinjaye, ranar 18 ga Disamba 1958 aka shelanta Jamhuriya, ya zama shugaban gwamnati. Kujerun da Sawaba ta samu an soke su daga baya, a watan Oktoba 1959 kuma aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Saboda haka ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta sami ƴancin kai, jam'iyya ɗaya tak ta rage a ƙasa.

Abin da rufe ƙofa ya haifar

Mulki ya tattaru a hannun mutum uku: Diori a fadar shugaban ƙasa, Boubou Hama a majalisar dokoki da jam'iyya, Diamballa Yansambou Maïga a ma'aikatar cikin gida. A zaɓen 1965 da na 1970 Diori shi kaɗai ya tsaya. Djibo ya yi gudun hijira zuwa Bamako, daga baya Akara da Konakiri. Ƴan Sawaba da aka hana su magana da baki suka koma neman makami, aka horar da samarinsu a Gana da Aljeriya da Sin. A ƙarshen 1964 suka shigo ƙasa ƙungiya-ƙungiya ta kan iyakoki, daga yamma har zuwa Boso a nan bakin tafki. Yunƙurin bai yi nasara ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, mutane da yawa suka shiga kurkuku, wasu ba su fito da rai ba.

Ranar 13 ga Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti wajen shugaban ƙasa a tsakiyar masu sallar idi a Yamai. Diori ya tsira, amma wani ƙaramin yaro ya rasu, wasu suka ji rauni. Zubar da jini a wurin salla ɓarna ce da babu uzurin da zai wanke ta. Sai dai wanda yake son fahimtar yadda aka kai ga wannan rana, dole ya koma baya zuwa 1959, lokacin da aka toshe wa rabin ƴan siyasar ƙasa hanyar faɗin ra'ayinsu cikin lumana.

Ƙasa marar teku da maƙwabtanta

A fagen hulɗa da ƙasashen waje kuwa, wani Diori ne dabam muke gani, mai haƙuri da hangen nesa. Ya gane cewa gyaɗar Nijar da dabbobinta ba su da hanyar kasuwa sai ta ƙasar wani, ko ta Kano zuwa Legas, ko ta Dahome zuwa Kwatano. A watan Mayu 1959 ya shiga ƙawancen Antanti tare da Kodibuwa da Dahome da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. A 1961 ya sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A 1963 yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa.

Ya ɗanɗani kuɗar faɗa da maƙwabci sau ɗaya. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara. Gwamnatinsa ta kori ma'aikata ƴan Dahome, Dahome ta rufe hanya, kaya suka tsaya a tashar Kwatano. Sai da aka zauna sulhu kafin al'amura su daidaita, maganar tsibirin kuwa ba ta ƙare ba sai a 2005, da kotun duniya ta ba Nijar shi.

Mu a nan gabas, abin da ya fi shafarmu shi ne ruwa. Komadugu ita ce iyakarmu da Nijeriya, amma mafarinta yana can ƙasar Kano da Bauci, kuma Manga da Mobar da Fulani da Hausawa suna zaune a gaɓa biyu, da auratayya da kasuwa ɗaya. Gishirin Manga da kanwa da kifi da dabbobi kudu suke tafiya, almajiranmu kuma Barno suke zuwa neman Alƙur'ani tun kafin Turawa su ja layi. Ranar 22 ga Mayu 1964, a Fort-Lamy wadda ake kira Njamena a yau, Diori da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya da Ahmadu Ahidjo na Kamaru da Tombalbaye na Cadi suka kafa Hukumar Tafkin Cadi, domin ƙasashen huɗu su yi shawara kafin wani ya taɓa ruwan da ya haɗa su. A wancan lokaci faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A wannan shekara dai aka sake tsarin mulkin ƙasa, Difa ta zama jiha, da Maine-Sorowa da Gigimi a ƙarƙashinta.

Ranar gwaji: yaƙin basasar Nijeriya

Babban gwajin siyasarsa ta waje ya zo a 1967, da yankin gabashin Nijeriya ya ɓalle da sunan Biyafara. Faransa, wadda take biyan wani kaso na kasafin kuɗin Nijar, ta karkata ga ƴan tawaye. Houphouët-Boigny, ubangidan Diori a siyasa tun 1946, ya amince da Biyafara a matsayin ƙasa a watan Mayu 1968, Gabon ma haka. Kowa ya zaci Diori zai bi sahu. Ya ƙi, ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon har aka gama yaƙi a watan Janairu 1970.

Dalilinsa a fili yake ga duk wanda yake zaune a bakin iyaka. Nijar da Nijeriya sun haɗa iyaka ta kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawan jama'ar Nijar suna zaune kusa da ita, daga Gaya har Boso. Da Nijeriya ta tarwatse, da wutar ta fara cin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da Difa kafin hayaƙinta ya kai Paris ko Abijan. Duk da haka bai yanke magana da ɗaya ɓangaren ba. Yana cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa don sulhu, kuma a watan Yuli 1968 Yamai ta karɓi zaman kwamitin, inda Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo. Nijeriya ba ta manta da wannan halacci ba. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, kuma ta wannan hanya aka kai ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa, har da na Komadugu.

Neman sababbin abokai

Diori ya san cewa wanda yake da ubangida ɗaya, ranar da ubangidan ya juya baya ya shiga uku. Sai ya shiga neman wasu abokai. Shi da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya suka yi ta fafutukar haɗa ƙasashe masu amfani da Faransanci, har aka kafa hukumarsu a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, ƙungiyar da Nijar ta fice daga cikinta a 2025. A wajen shirya wannan taro ya ƙulla zumunci da Kanada, kuma da kuɗin Kanada aka gina hanyar kwalta da ta tashi daga Gure ta ratsa Maine-Sorowa da Difa ta kai Gigimi, wadda aka sa wa suna Hanyar Haɗin Kai. Kafin ta, tafiya daga nan zuwa Damagaram fama ce da rairayi.

Ya kuma juya wajen ƙasashen Musulmi. Bayan an sa wa Masallacin Ƙudus wuta a watan Agusta 1969, Nijar tana cikin ƙasashen da suka hallara a Rabat a watan Satumba suka aza harsashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Sarki Faisal na Saudiyya ya ziyarci Nijar a ƙarshen 1972, a watan Janairu 1973 kuma Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila. A taron Lahore na watan Fabrairu 1974 aka yanke shawarar gina jami'o'in Musulunci biyu a Afirka, ɗaya a Nijar ɗaya a Yuganda. Tamu ita ce ta garin Sayi, wadda ta buɗe ƙofa a 1986.

Fari da faɗuwa

Yayin da sunansa yake ɗaukaka a waje, gida yana lalacewa. Daga 1968 ruwan sama ya fara ja baya, a 1973 fari ya kai maƙura. Dabbobi suka mutu, makiyaya suka cika bakin birane, tafki ya janye. Taimakon abinci ya shigo daga waje, amma maganar da ta cika gari ita ce wasu manya suna ɓoye hatsin suna sayarwa. Ɗalibai da malaman makaranta suka yi ta yajin aiki. Majalisa kuwa duk ƴan jam'iyya ɗaya ne, babu wakilin da zai miƙe ya tambayi minista inda buhunan suka shiga, babu jaridar da za ta buga.

Diori ya sa ransa ga ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Da farashin man fetur ya tashi a 1973, ya nemi Faransa ta ƙara kuɗin da take saye. Ana cikin wannan ciniki shugaban Faransa Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu 1974. Ranar 15 ga Afrilu da dare sojoji ƙarƙashin Laftanar-Kanar Seyni Kountché suka kifar da gwamnati, suka ba da hujja da yunwa da almundahana. Cikin hafsoshin akwai ɗan Maine-Sorowa, Tandja Mamadou, wanda shi ma ya shugabanci ƙasa daga 1999 zuwa 2010. Uwargidan shugaban, Aïssa Diori, ta rasa ranta a wannan dare. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba, jama'a ma ba su fito kare jam'iyyar da aka ce kowa ɗanta ne ba.

An tsare Diori a Damagaram har 1980, sannan aka mai da shi ɗaurin talala a Yamai. Sai bayan rasuwar Kountché a 1987 ya sami cikakken ƴanci. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989, yana da shekara 72. Djibo Bakary ya dawo gida a 1974, shi ma aka ɗaure shi a shekarar da ta biyo, ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Yamai a 1998. Ƴan'uwan biyu da suka raba ƙasa tsakanin giwa da raƙumi, hannu ɗaya ya tsare su.

Abin lura gare mu

Ya ku ƴan'uwa, bayan Diori ƙasar nan ta ga sauyi iri-iri. Jam'iyyu sun dawo da Babban Taron Ƙasa na 1991, an kuma rusa su a watan Maris 2025. Iyakar da ya kiyaye an rufe ta a 2023, kowa ya ga yadda farashin abinci da magani ya tashi, tattasai da dabbobi suka rasa mai saye, kafin a buɗe ta a 2024. Wannan ya isa ya nuna mana cewa abin da ya gani a 1967 gaskiya ne: mutanen Komadugu ba su da arziki sai da zaman lafiya da na ƙetaren kogi.

Ɗaya darasin kuwa ya fi kusa da mu, domin yana aiki ga mai gari da limami da shugaban ƙungiya da mai gida. Mutumin da ya buɗe birninsa ga Gowon da Ojukwu don neman sulhu bai iya zama da ɗan'uwansa na Sudure ba. Da ya bar wa masu saɓa masa wurin magana, da wataƙila labarin hatsin da aka ɓoye ya iso kunnensa daga bakin wakilin jama'a kafin ya iso daga bakin bindiga. Duk wanda aka ba amanar mutane, to ya bar kusa da shi wanda zai iya ce masa ka yi kuskure, ya kuma saurare shi.

Allah Ya gafarta wa Diori Hamani da Djibo Bakary da dukkan waɗanda suka rasu cikin fitinun wancan zamani, Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.